Kiwon Kajin Hausa Domin Nama: Yadda Sana'ar Take a Wurina

Ina da ƙaramar gonar kaji a bayan garin Daura, kuma kajin Hausa kaɗai nake kiwo domin nama. Masu zuwa neman shawara kafin su fara sukan tambaye ni dalilin da ya hana ni kiwon kajin turawa, tunda su cikin mako 6 zuwa 8 sun kai kilo 2 an kai su kasuwa, alhali zakaran Hausa sai ya yi wata 5 ko 6 kafin ya kusanci kilo ɗaya da rabi, shi ma idan ya samu ci mai kyau. Abin da nake gaya musu shi ne kasuwarsu ba ɗaya ba ce. Mai neman kazar farfesu domin mai jego ko mara lafiya, da uwargidan da za ta yi miyar Sallah, naman da ke jure wuta ya ba da romo mai ƙanshi suke so, kuma suna biyan kuɗinsa ba tare da dogon ciniki ba.

Mai farawa ba ya buƙatar jari mai yawa. Zakara ɗaya ya ishi kaji 10, sai dai zaɓen iri yana son natsuwa. A cikin ire-iren kajin gida, ni na fi karkata ga waɗanda ake kira kajin Fulani saboda girman jikinsu, sannan masu huntun wuya, domin sun fi jure zafin bazara. Duk kazar da na sayo, daga kasuwar Mai'adua ne ko daga rugar da na sani, sai ta yi mako 2 a keɓe kafin ta shiga cikin sauran, saboda yawancin cutar da ke share akurki daga kasuwa ake ɗauko ta. Zakara kuma a riƙa sauya shi da na wani gida, kada ya dinga bin 'ya'yansa iri ya lalace.

Ribar wannan sana'a da asararta duk suna cikin mako 8 na farkon rayuwar 'yan tsaki, kuma a nan ne na fi zuba ƙarfina. Kaza tana kwanci kwana 21 a kan ƙwai 10 zuwa 12, ta ƙyanƙyashe mafi yawansu, amma idan aka sake ta tana yawo da su a bola da gindin danga kamar yadda aka saba a gidajenmu, shirwa da muzuru da sanyin asuba da ƙarancin abinci za su rage su ƙwarai kafin su yi gashi. Saboda haka nake tsare su a ɗaki mai tsabta da aka shimfiɗa wa ɓuntun shinkafa, da tukunyar garwashi a lokacin hunturu, a bar kafar shigar iska. Raba su da uwar bayan 'yan makonni yana da wani amfanin, domin tana saurin komawa saka ƙwai maimakon ta ɓata watanni tana reno. Tsaki da dusa kaɗai ba sa gina jikin ɗan tsako. Ina fara su da abincin kamfani na ƙananan kaji, daga baya in koma haɗin gida na masara ko dawa, da dusa, da ƙuli-ƙuli ko soyayyen waken suya, da garin ƙashi da ɗan gishiri, in ƙara musu ganyen zogale da gara. Bayan wata 2 sai su riƙa fita kiwo a fili mai shinge, a cika musu ciki safe da yamma.

Batun rigakafi kuwa ba na sassauci a kansa. Cutar Nukasil, wadda ke sa kaza zawo da murɗewar wuya, ta fi ɓarna da hunturu, kuma ba ta da magani idan ta shiga. Jan barkono ko maɗaci da ake jiƙa musu ba sa tsayar da ita, duk da yadda mutanenmu suka yarda da su. Akwai rigakafin Lasota, akwai kuma I-2 da Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a Jihar Filato take samarwa, wanda ya fi jure zafi, ana ɗiga shi a ido a maimaita duk wata 3 zuwa 4. Na cutar Gumboro mai kama ƙananan kaji da na ƙurajen kaji, malamin dabbobi ne yake tsara mini lokacinsu.

Wasu 'yan'uwana masu kiwo sun koma kiwon wata irin kaza da ake kira Noiler, wadda kamanninta ya yi kusa da na kazar gida kuma take isa yanka cikin wata 3 zuwa 4. Ban ga laifinsu ba, amma ba kasafai take kwanci ba, don haka kullum sai an koma sayen 'yan tsaki, sannan ba daidai ba ne a sayar da ita da sunan kazar Hausa ga wanda bai iya bambancewa ba.

Sayarwa tana bin lissafin watanni. 'Yan tsakin da aka ƙyanƙyashe a watan Rabi'u Sani su ne za su isa yanka a ƙarshen azumi, lokacin da farashi ke tashi, shi ya sa nake jera kwancin kajina da wannan niyya. Zakaru nake fara fitarwa, in ajiye sagarun da suka fi girma da lafiya su zama iyayen gaba. Na fi son sayar wa gidaje da masu gashin kaza kai tsaye, dillali kuma sai abin da ya ragu.