Sunan Sylvia McLaughlin a Bakin Tekun da Ta Hana a Binne

A watan Oktoba na shekarar 2012, hukumar da ke kula da wuraren shaƙatawa na jihar Kalifoniya a Amurka ta amince a sauya wa wani wurin shaƙatawa na bakin ruwa suna, daga Eastshore State Park zuwa McLaughlin Eastshore State Park, domin karrama wata dattijuwa mai suna Sylvia McLaughlin, wadda a lokacin take da shekara 95 a duniya. Wurin ya miƙe tsawon kimanin mil 8.5 a gaɓar gabas ta mashigin tekun San Faransisko, tun daga gindin babbar gadar da ke Oakland, ya ratsa Emeryville da Berkeley da Albany, har ya dangana da Richmond. Ni dai ba na cikin masu saurin tafa wa sauya sunayen wuraren jama'a, domin sau da yawa mai mulki ne ke raɗa wa wuri sunan ubangidansa, wanda ya gaje shi kuma ya zo ya kankare. Amma wannan sauyin ya kwanta mini a rai, kuma dalilin yana cikin tarihin ƙasar da aka dasa allon a kanta.

Mashigin San Faransisko ruwa ne mai faɗi amma mafi yawansa ba shi da zurfi, kuma wannan rashin zurfin ne ya kusa zama ajalinsa. Tun tsakiyar ƙarni na 19 garuruwan da ke kewaye da shi suke ta zuba ƙasa da ɓaraguzai da shara a gefensa suna samun sabon fili, har ya zamana an cinye kusan kashi ɗaya cikin uku na faɗinsa. A shekarar 1959 sashen injiniyoyi na rundunar sojan Amurka ya fitar da wani rahoto da ke nuna cewa wajen kashi 70 cikin ɗari na abin da ya rage ma ana iya cike shi. Jaridar Oakland Tribune ta buga taswirar yadda ake hasashen wurin zai koma kafin shekarar 2020, inda ruwan da ya bai wa yankin sunansa ya tsuke ya zama kamar kogi, iya hanyar da jiragen ruwa za su bi. A daidai wannan lokacin birnin Berkeley yana da shirin cike eka 2,000 na ruwan domin ya ninka girmansa. Bakin ruwan kuwa juji ne a jere, ana cinna wa shara wuta, mazauna kan tuddai suna hango jan harshenta da dare, kuma duk tsawon gaɓar nan 'yan mil kaɗan ne kawai talaka ke iya isa ya tsoma ƙafarsa a ruwa.

Mata uku ne suka ƙi yarda: Sylvia McLaughlin, da Kay Kerr, da Esther Gulick. A farkon 1961 suka gayyaci shugabannin manyan ƙungiyoyin kare muhalli na wancan zamani, ciki har da David Brower na Sierra Club, suka zauna a gidan Gulick suka shimfiɗa musu matsalar. Baƙin sun yarda cewa lamarin ya kai a tashi tsaye, amma kowa ya nuna cewa hannunsa a cike yake da wasu ayyukan, suka yi wa matan fatan alheri suka watse. Daga nan matan suka kafa tasu ƙungiyar, Save San Francisco Bay Association, wadda a yau ake kira Save the Bay, suka sa kuɗin zama mamba dala ɗaya tak. Wannan dala ɗayan dabara ce babba, domin abin da suke nema shi ne yawan sunaye da za su ajiye a gaban 'yan majalisa, kuma sun samu dubbai. Cikin 'yan shekaru Berkeley ta janye shirinta. A 1965 majalisar jihar ta zartar da dokar McAteer-Petris, wadda ta kafa hukumar da dole a nemi izininta kafin a zuba ko da tifa ɗaya a cikin mashigin, sannan a 1969 aka mayar da hukumar ta dindindin, gwamna Ronald Reagan ya sa hannu.

Akwai abin da masu ba da wannan labarin suke son tsallakewa, ni kuma ina ganin faɗinsa bai rage wa kowa daraja ba. Ana yawan kiran su matan gida uku da suka kayar da manya, alhali su ma ba daga ƙasa suka taso ba. Mijin Kay Kerr shi ne Clark Kerr, shugaban Jami'ar Kalifoniya na wancan lokacin. Mijin Sylvia, Donald McLaughlin, a lokacin yana cikin majalisar gudanarwar jami'ar kuma ya shugabanci kamfanin haƙar ma'adinai na Homestake. Mijin Esther Gulick farfesa ne na tattalin arziki. Ƙofofin da aka buɗe musu ba kowa za a buɗe wa ba. Sai dai mutane da yawa suna da irin wannan damar suna kashe ta wajen liyafa da neman muƙami, su kuwa suka kashe tasu wajen zaman sauraron jin ra'ayin jama'a, da rubuta wasiƙu, da ɗibar mutane a motocin safa zuwa majalisa a Sacramento, babban birnin jihar.

To me ya sa sunan mutum ɗaya cikin ukun? Wannan ita ce tambayar da ta fi nauyi, kuma ba na ganin an rabu da ita gaba ɗaya. Esther Gulick ta rasu a 1995, Kay Kerr a 2010, kuma babu ɗayarsu da ta ga an rubuta sunanta a wannan allon. Hujjar da ta gamsar da ni ita ce, dakatar da cikon teku aiki ne na su ukun, amma samar da wannan wurin shaƙatawar yaƙi ne na biyu, wanda McLaughlin ta ci gaba da shi shekaru da dama bayan na farkon. Hana a ƙara cikewa bai mayar da filin da aka riga aka cike hannun jama'a ba, domin babban ɓangarensa mallakar kamfanin jirgin ƙasa na Santa Fe ne, wanda ke da burin gina kantuna da ofisoshi da otal a kai. A 1985 ta haɗu da wasu, ciki har da lauya Dwight Steele, suka kafa ƙungiyar Citizens for East Shore Parks. Sai a ƙarshen shekarun 1990 aka sayi filin, kuma sai a 2002 aka ayyana shi wurin shaƙatawa na jiha, shekara 41 bayan zaman gidan Gulick. Wanda ya tsaya a kan magana ɗaya tsawon wannan lokacin ya cancanci a ambace shi, ko da ba shi kaɗai ya ɗauki kayan ba.

Abu biyu suka ƙara burge ni a yadda aka yi sauyin. An bar tsohon sunan, aka ɗora nata a gabansa, don haka mai neman hanya bai ɓata ba, kuma ba a tuɓe wa wani mamaci rawani an naɗa mata ba. Sannan an yi shi tana raye. Masu adawa da sa wa wuri sunan rayayye suna da hujja, domin mutum yana iya ɓata wayonsa bayan an gama yabonsa, amma wadda ta kai 95 tana kan turba ɗaya ta riga ta gama ba da shaida. Ta rayu fiye da shekara uku bayan haka, ta rasu a watan Janairun 2016 tana da shekara 99.

Wurin kansa ba aljannar duniya ba ce, kuma wannan ma yana cikin abin da ya sa sunan ya dace da shi. Babbar hanyar mota mai lamba 80 tana gefensa da ƙugin motocinta dare da rana. A wani lungu na Berkeley da ake kira Brickyard, sunan ya samo asali ne daga fasassun tubalan da aka jibge a can, a ɓangaren Albany kuma har yanzu ana ganin gutsattsarin kankare da rodi sun leƙo daga ƙasa a bakin ruwa, ciyawa ta tsiro a tsakaninsu. A kan irin wannan ƙasar ne aka raya fadama da makiyayar tsuntsaye, aka shimfiɗa hanyar masu tafiya a ƙafa da masu keke. Da an ɗauki sunanta an liƙa wa wani daji mai kyau da ba a taɓa ɓatawa ba, da an yi mata kara amma an ɓoye ainihin aikinta, wanda shi ne ƙwato abin da kowa ya riga ya sallama.

Allo dai ba ya biyan ma'aikata kuma ba ya kwashe shara. Kula da wurin yana hannun hukumar East Bay Regional Park District, kuma gyaran sassansa ya tafi ne a hankali, gwargwadon kuɗin da aka samu. A watan Yunin 2016, watanni kaɗan bayan rasuwarta, masu zaɓe a gundumomi tara da ke kewaye da mashigin suka amince da harajin dala 12 a shekara a kan kowane fili, na tsawon shekara 20, domin raya fadamun bakin ruwa. Barazanar ma ta juya, domin a 1961 tsoron da ake yi shi ne ruwan ya ƙanƙance, yanzu kuwa hawan teku sakamakon ɗumamar yanayi ne ke neman cinye irin wannan gaɓar mai kwari. A 2019 hukumar nan da gwagwarmayar matan uku ta haifa domin hana cikon teku ta gyara ƙa'idojinta, ta ba da damar a zuba laka da ƙasa a wasu wurare idan manufar ita ce a ɗaga fadamu kada ruwa ya shanye su.