Abin da maharbi ya koya min a gem ɗin da nake haɗawa

Wata bakwai kenan ina fama da wani ɗan gem a tsohuwar laftof ɗina, da Godot, wata manhajar haɗa gem, nake yi saboda kyauta ne kuma baya wahalar da na'ura, a nan ƙauyenmu ta wajen Ringim sai na kai shagon caji mai sola kafin in samu kamar awa uku ina aiki. Irin gem ɗin nan ne da zaka zaɓi jarumi ka shiga daji kana faɗa da dodanni da aljanu ƙarfinka yana ƙaruwa. Jarumai uku na sa, barde mai lifidi da takobi, maharbi mai kwari da baka, sai boka.

A takarda komai ya zauna daidai wallahi. Barde yana sara ya cire 20 daga jinin dodo duk bayan sakan 2, maharbi yana cire 10 duk sakan 1, kaga kowa 10 kenan a sakan, ni a ganina an yi raba daidai. Sai na ba yaran da suke zama a shagon suka gwada, kwana biyu kacal kowa ya koma maharbi. Ashe shi daga nesa yake ɓarna, kafin dodo ya ƙaraso ya ci kibiya biyar, shi kuwa barde sai ya shiga jikin dodo ya sha duka kafin ya kai sara ɗaya. Tazarar nan ban taɓa sa ta a lissafi ba.

Da zafi na rage maharbi zuwa 6, na ƙara wa barde jini, na taɓa gudun dodo, duk a dare ɗaya. Washegari ba mai ɗaukar maharbi kuma na rasa wanne ne a cikin canje-canjen nan uku ya ɓata abin. Tun daga nan abu ɗaya nake canzawa in rubuta a littafi in bari a buga tukunna.

Kawuna tsohon ɗan dambe ne, yana zaune yana kallonmu ya ce "ɗana, ai a fage ba a rage wa mutum ƙarfi, wanda ya kai naushi da hannun da aka ɗaure ya kuskure to ya buɗe jikinsa, nan ake kama shi." Maganar nan ta zauna min sosai. Na maido wa maharbi 10 ɗinsa amma kibiya 12 kawai kwarinsa ke ɗauka, kuma lokacin da yake jan baka baya iya motsi. Lifidin barde da sulken dodo kuma na sa kowanne yana cinye 4 daga kowane bugu, kibiya mai 10 ta koma 6, sara mai 20 ya koma 16, kenan dodo mai sulke yafi ba maharbi wuya, amma nauyin lifidin yana gajiyar da dokin barde da wuri. Daga baya na lura haka gem ɗin Pokémon ke yi, ruwa ya ci wuta, wuta ta ci ciyawa, ciyawa ta ci ruwa.

Yanzu musu ake a shagon, wasu na barde wasu na maharbi, har da masu rantsuwa nasu ne yafi. Boka ne dai har yau ba wanda yake taɓawa, ranar Asabar zan rage lokacin da yake ɗauka kafin ya sake yin tsafi daga sakan 8 zuwa 6 in ga ko yaran zasu waiwaye shi.