Ɗan jirgina a zafin Garwa

Masu tambayata a inbos kan ɗan jirgin nan mara matuƙi (dron) da nake tashi da tabarau a fuska, ga amsa gaba ɗaya. Kyamarar hancinsa ke turo hoto kai tsaye cikin tabarau ɗin a zangon rediyo na 5.8 GHz, sai ka ji kamar kai ne a ciki.

Ni dai da rimot na fara, ba da jirgi ba. Na jona shi da kwamfuta, na yi ta faɗuwa a Liftoff, manhajar koyon tuƙin jirgin a kan allo, har yatsuna suka saba. Faɗuwar can ba ta cin ko sefa ɗaya. Daga nan na haɗa ƙarami: firam, ƙananan injuna (moto) huɗu, farfela, da allon da ke ɗauke da Betaflight, manhajar da ke sarrafa tashin jirgin. Liƙin dalma kuwa wani mai gyaran waya a kasuwa ya nuna mini, Allah ya saka masa.

Batirin LiPo shi ne rigima. Tashin minti 4 ko 5 ne ya ƙare, ga shi ba ya shiri da zafi, a garin da Maris da Afrilu ke haura digiri 40. Kowane ɗaki (sel) na batirin 4.2V ne in ya cika, a 3.8V ake ajiye shi, kuma a inuwa. Wanda ya kumbura ya tashi aiki. Caji ma ba na barinsa in tafi masallaci.

Sai maganar hukuma, 'yan uwa. Garin nan akwai filin jirgi da sansanin sojan sama, kuma CCAA, hukumar kula da sufurin jiragen sama, ke da iko da sararin Kamaru. A nemi izini tukuna, a yi nesa da kan mutane.