Abin da littafin fasinja ya koya mini game da boda

Aikina a wata tashar manyan motoci a Kumasi bai wuce rubutu ba: sunan fasinja, lambar katinsa, inda ya fito, inda za shi. Motocinmu kan bi Tamale da Bolgatanga su fita ta Paga zuwa Burkina Faso, wasu fasinjojin kuma sai Nijar. A bakin wannan teburin na gane maganar tsaron iyaka fiye da yadda nake jin ta a rediyo.

Mutanen kirki da yawa suna karya doka ba da saninsu ba. Yarjejeniyar ECOWAS, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ta 1979 ta ba ɗan ƙasashen ƙungiyar damar shiga wata ƙasa babu biza, amma na kwana 90 ne kawai, bayan nan sai da takardar izinin zama. Mutanenmu sun riƙe rabin farko, sun manta da na biyun. Wani dattijo mai sayar da albasa ya taɓa miƙo mini fasfonsa, bangon duk ya yi laushi saboda gumi, hatimin shigowa kuwa ya kusa shekara biyu. Na ce, "Baba, ai wa'adin nan ya daɗe da ƙarewa." Ya dube ni tsakani da Allah ya ce, "Ɗana, ba cewa aka yi duk mun zama ƙasa ɗaya ba?" Babu wanda ya taɓa zaunar da shi ya yi masa bayani da Hausa ko Zabarmanci.

Ina goyon bayan a tsare iyaka, ba na ɓoyewa. 'Yan bindigar da suka addabi Burkina Faso sun riga sun kai hari arewacin Togo da Benin, kuma tsoron haka ne ya sa Gana da maƙwabtanta suka kafa haɗin gwiwar tsaro a Akra a 2017. Direbobinmu na dawowa da labaran da ke hana mutum barci. Amma na ga abin da kulle ƙofa ke haifarwa. Daga Maris 2020 zuwa Maris 2022 Gana ta rufe iyakokinta na kan tudu saboda korona, jama'a kuwa ba su daina wucewa ba. Babur suka riƙa hawa ta cikin daji, suna biyan ninkin kuɗin mota, kuma ba littafin da sunansu ya shiga. Hanyoyin da aka koya a lokacin har yanzu ana tunawa da su.

Haka ma shingayen da wasu ke karɓar na goro a hanya. Wanda ya miƙa kuɗi ya wuce ba a ko duba fuskarsa ba, mai cikakkun takardu da ya ƙi bayarwa a tsayar da shi a rana. To wa ya fi iya biya, mai albasa ko mai mugun nufi? Wannan ne ya fi ci mini rai a aikin nan.

Sai maganar da ta shafe mu 'yan zango, wato mazauna unguwannin Hausawa da sauran Musulmi a garuruwan Gana, kai tsaye. A Nuwamban 1969 gwamnatin Busia ta ba baƙin da ba su da izinin zama mako biyu su fice daga Gana. Tsofaffinmu a unguwannin Aboabo da Asawase na Kumasi har yau suna lissafa gidajen da aka sayar da araha da dangin da suka tafi ba su dawo ba. Najeriya ta yi irin nata a 1983, zamanin Shagari. Shi ya sa duk lokacin da aka ce za a tantance baƙi, gaban mutanen zango ke faɗuwa, har da waɗanda kakanninsu a Kumasi aka binne cibiyarsu. Jin Hausa a bakin mutum ba shaidar baƙunci ba ce. Kuma wanda ake yi wa kallon baƙo a garin da aka haife shi, da wuya ya ɗauki waya ya kira 999, lambar da gwamnati ta bayar a 2022 don kai rahoton abin da ba a yarda da shi ba.

Alhali zango na da tsarinsa tun zamanin fataken goro. Baƙo ba ya sauka sai a wurin maigida, maigida ya san daga inda ya fito da abin da ya kawo shi, idan an sami matsala a je gaban sarkin zango. Maigidana na faɗa mini, "Yaro, baƙon da ba shi da masauki shi ake tambaya." Da hukuma za ta jawo masu masauki da limamai da shugabannin tasha a jika, da ta san abin da na'urar boda ba za ta nuna mata ba.

Tun da Nijar, Mali da Burkina Faso suka fice daga ECOWAS a Janairun 2025, tambayoyi sun ƙaru a teburina. Ƙungiyar ta ce a ci gaba da barin 'yan ƙasashen uku su shiga babu biza har sai ta sanar da wani abu daban, haka nake gaya wa kowa. Duk wanda ya sauka da sabon hatimi, nakan lissafa masa ranar da kwana 90 ɗinsa za su cika, in rubuta a bayan tikitinsa da manyan lambobi, in kwatanta masa ofishin shige da fice.