31 ga Disamba: Daren Balad al-Shaikh

Yini guda na yi a kan shafukan tarihin Haifa, shayin da aka kawo min da hantsi har ya huce ban taɓa shi ba. A daren rana irin ta yau a 1947 ne mayaƙan Haganah, babbar rundunar Yahudawan Falasɗinu ta wancan lokaci, suka afka wa Balad al-Shaikh, wani ƙauyen Larabawa kusa da birnin Haifa.

Abin ya faro ne ranar 30 ga wata, wata guda bayan Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince a raba Falasɗinu, Turawan Ingila masu mulkin ƙasar kuma ba su tafi ba tukuna. Larabawa 'yan ga-ruwa-ga-aiki sun taru a ƙofar matatar man Haifa suna jiran a ɗauke su aikin yini, sai 'yan Irgun, wata ƙungiyar Yahudawa masu ɗauke da makamai daban da Haganah, suka jefa musu bama-bamai daga cikin mota. Shida suka mutu, sama da 40 suka ji rauni. Nan take ma'aikata Larabawa suka far wa Yahudawan da suke aiki tare, suka kashe 39. Wannan ma zalunci ne, domin waɗanda aka kashe ba su suka jefa bam ba. Wasu Larabawan ma ɓoye abokan aikinsu suka yi.

Washegari da dare dakarun Palmach, wato zaratan mayaƙan Haganah, su kimanin 170, suka shiga Balad al-Shaikh, don kawai ma'aikatan matatar da yawa a can suke kwana. Umarnin da aka ba su shi ne su kashe maza baligai gwargwadon iko. Suka bi gida-gida da harbi da gurneti, suna fito da maza suna bindigewa, mata da yara ma ba su tsira ba. Masana tarihi sun saɓa kan adadin, daga mutum 21 har zuwa 70.

Da la'asar na karanta wa yayana, ya ce, "Ƙanena, ai ka san ramuwar gayya ta fi ta gayya zafi." Na ce, "Yaya, to wa aka rama wa?" Babu wanda ya tsaya a ƙofar gida ya tambayi mai gidan ko jiya ya ɗaga hannu a kan wani. Inda mutum yake kwana shi ne laifinsa. Abin da ya fi ƙona min rai, shugabannin Yahudawan sun fito sun la'anci bam ɗin Irgun, sun san inda wutar ta tashi, duk da haka suka sa hannu aka je aka kashe talakawan ƙauye cikin dare.

A taswira na sa yatsa a kan matatar, na ja shi kaɗan zuwa gindin dutsen Karmel, har na iso ƙauyen, inda kabarin Shaikh Izzuddin al-Ƙassam, malamin da ya yaƙi Turawan Ingila a Falasɗinu, yake. Tazarar da lebura zai yi sammako ya je aiki ya dawo kafin magariba ce. A ƙarshen Afrilun 1948, bayan faɗuwar Haifa, mutanen suka watse, kuma ba a bar su sun dawo ba. Yau unguwannin garin Nesher ne a kan filayensu.