Abin da na tsinta a teburin tikiti

Tunda ƙarshen watan nan zan ajiye aiki, bari in bar wa masu gadon teburina ɗan abin da na sani game da fasinjan jirgin sama da zai ce a ba shi taga don yana son kallo.

Oga ya sha faɗa mana cewa taga taga ce, a danna A (kujerar tagar hagu) ko F (ta dama) a wuce wurin. Wannan ra'ayin nasa ne ya haifar da rigimar wata tawagar masu ɗaukar hoto da suka tashi daga Delhi ta Indiya zuwa Katmandu ta Nepal. Jirgin gabas ya nufa, tsaunukan Himalaya kuwa suna arewa, wato hannun hagu. Na riga na kama musu kujerun A, gaba da fiffike. Sai ga shi ya shigo ya ce a kwashe su a mayar F, wai iyalin wani babban kwastoma suna son wajen. Na yi bayani, har taswira na buɗe masa a kwamfuta. Ya ce ba don in koya masa labarin ƙasa ya ɗauke ni aiki ba. Bayin Allah suka ƙare tafiyar suna kallon gonaki da hazo, rana na dukan fuskarsu, tsaunukan da suka biya kuɗi dominsu suna ɗaya gefen. Da ƙorafi ya iso, sunana aka sa a takardar tuhuma. A taron safe ya ce wasu ma'aikata ba sa sauraron kwastoma, idonsa a kan wayarsa. Ban tanka ba. Amma tun daga ranar, duk umarnin da ya ba ni da baki sai na ce, "Ranka ya daɗe, a turo min ta imel." Ku ma ku riƙe wannan.

Sauran masu sauƙi ne. Ku fara tambayar ina rana za ta kasance. A arewacin duniya, jirgin da ya nufi gabas da rana tsaka yawanci ranar tana damansa, don haka hagu ya fi daɗin kallo. Idan yamma ya nufa, a juya lissafin. Taga mai fuskantar rana ba ta nuna komai sai ƙyalli da zanen da ke jikin gilashi.

Tsakiyar jirgi fiffike ne kawai. Bayansa ana ganin ƙasa, sai dai zafin da injin ke fitarwa yana sa hoto ya yi rawa, shi ya sa masu kyamara suka fi son gaba.

A wasu jiragen Boeing 737 akwai kujerar gefen hagu da ba ta da taga sam, bango ne, saboda bututun iska ya bi ta nan. Lambarta ta danganta da kamfani, ku duba taswirar kujerun. A Boeing 787 kuma babu marfin taga, maɓalli ne ke duhunta gilashin, kuma ma'aikatan jirgi suna iya duhunta duka daga wajensu.

Kada ku yi wa kowa alkawarin ganin gari wajen sauka, domin iska ce ke zaɓen ɓangaren da za a sauko. Kamfani kuma yakan sauya jirgi ba sanarwa, kujeru su hargitse, don haka a sake dubawa ana gobe tafiya.