Igiyar ruwa na tafiya amma ruwan na nan

Jama'a wallahi abin da na gani a dam ɗin Goronyo ya tsaya min a rai. Iska na kaɗawa igiyar ruwa na ta zuwa gaɓa amma goran wani masunci bai biyo ta ba, sai dai ya hau ya ɗan yi gaba ya sauka ya koma baya, ashe ruwan kansa haka yake zagaye kamar tayar keke, ƙarfin ne kawai ke wucewa.

In ka nutsa kuma zagayen na ƙanƙancewa, da ka kai zurfin rabin tazarar da ke tsakanin igiya biyu saura kusan kashi 4 cikin 100 na motsin sama. Wurin da ba zurfi zagayen bajewa yake, can ƙasa gaba da baya ne kawai, shi ke sa yashi yin layi-layi.

Masanin lissafi George Airy na Ingila ya lissafa wannan, sai wani masanin George Stokes a 1847 ya nuna zagayen bai rufewa daidai, ruwan na ɗan matsawa gaba, nan ne ya fi burge ni gaskiya don shi da iska ke turo leda da kara bakin gaɓa.